Taliya Daga Kasuwa Zuwa Tsakar Gida

  

Yau zancen namu ya taso ne daga wata wasiƙa da wata baiwar Allah ta aiko mani daga unguwar Ƙofar Kwaya, nan cikin birnin Katsina. Ta ce maigidanta ɗan kasuwa ne, kuma kwana biyun nan ba ya waiwayar abincin rana da take aika masa. Wai akwai wata rumfar abinci da suke zuwa shi da abokansa, suna cin taliya irin ta mutanen Italiya, ga daɗi ga araha. Ta ce abin ya tsaya mata a rai, don ita tunda aka kawo ta ɗakinta ba ta taɓa leƙa gidan sayar da abinci ba, balle ta san abin da suka fi ta da shi.

To, 'yar'uwa, kada ki sa damuwa a ranki. Hausawa sun ce gani ya kori ji, shi ya sa na ɗauki mayafina, ni da wata abokiyar aikina, muka je muka gano maki.

Wallahi wurin ba wani abin a zo a gani ba ne. Rumfa ce ta kwano, da benci uku, da tebur an shimfiɗa masa leda, da buta da sabulu a bakin ƙofa. An ja labule gefe guda saboda mata. 'Yan dako da masu shaguna da 'yan makaranta ne suka cika wurin. Abinci kuwa iri uku ne kacal: taliya da mai da yaji, taliya da wake, sai taliya da miyar tumatir. Babu ko ɗaya da ba ki da kayan haɗinsa a ɗakinki yanzu haka. Amma da na kai loma ta farko, sai na gane inda gizo ke saƙa. Taliyar ba ta caɓe ba, kowane sili a ware yake, kuma da zafinta aka kawo. Mai abincin ba ta dafa tukunya guda tun safe ta ajiye. Kaɗan-kaɗan take sakawa, ana ci tana sabuntawa.

Shin maigidan nan ya yi gaskiya da ya ce abincin Italiya ne? Ƙwarai kuwa, da gaskiyarsa. Italiya ƙasa ce a kudancin Turai, tsallaken tekun Bahar Rum daga Libiya, kuma mutanenta su ne kan gaba a duniya wajen cin taliya. A lissafi, kowane mutum ɗaya yakan ci fiye da kilo 20 a shekara. Amma kin san wani abu? Musulmi ma suna da hannu a cikin tarihin nan. A shekarar 1154 wani masani mai suna Al-Idrisi ya rubuta cewa a tsibirin Sisili ana yin wani abinci na garin alkama mai kama da zare, ana loda shi a jiragen ruwa ana kaiwa ƙasashe. Shi kuwa tumatir da ake miyar da shi, asalinsa daga nahiyar Amurka ne, bai shiga Turai ba sai bayan shekarar 1500. Mu ma nan ƙasar Hausa tun zamanin fatake muna hulɗa da Larabawan Turabulus da Gadamas, kuma kin ga alkama ba baƙuwarmu ba ce, da ita muke alkaki da gurasa.

Su ma can, talaka a kasuwa yake ci. A birnin Fulorans akwai wata babbar kasuwa da aka buɗe tun 1874, ƙasa ana sayar da kayan miya da nama, a 2014 kuma aka mai da saman benen wurin cin abinci. Abin da zai ba ki dariya shi ne, cikin abincin talakawansu da suke alfahari da shi akwai taliya da man zaitun da tafarnuwa da barkono, wato dai mai da yajinmu. Akwai kuma taliya da wake. Kin ga ashe abin da muke rainawa muna cewa abincin ƙarshen wata, wasu da shi suke tarbar baƙi.

To, yanzu gyara zama ki ji yadda za ki yi. Na farko, ruwa. Yawancinmu mukan tsuke wa taliya ruwa kamar za mu dafa shinkafa, shi ya sa take danƙarewa. Ƙunshi ɗaya mai giram 500 yana son ruwa kamar lita 4 zuwa 5, a tukunya mai faɗi. Na biyu, kada ki zuba sai ruwan ya tafasa sosai, kin kuma sa gishiri. Ki motsa da zarar kin zuba don kada ta manne. Na uku, ki tsaya a kanta. Taliyar leda minti 8 zuwa 10 ya ishe ta, ta Hausa kuwa ba ta kai haka ba. Ki ɗauki sili ɗaya ki tauna, in kin ji ta yi laushi amma da ɗan sauran ƙarfi a haƙori, to sauke. Kafin ki tsane, ɗebi ludayi guda na ruwan dahuwar ki ajiye. Ki soya albasa da tafarnuwa a man gyaɗa da wuta kaɗan, kada ki bari tafarnuwar ta ƙone don ɗaci take yi. Ki zuba tumatir da attaruhu, in sun soyu ki juye taliyar ciki tare da ruwan nan da kika ajiye, ki juya. Ruwan ne ke sa miya ta kama jikin taliya, maimakon ta kwanta a gindin kwano.

Kuma don Allah a riƙa sa wake. Taliya zalla ƙoshi ce kawai, amma in an haɗa ta da wake, yara sun sami abin gina jiki ko da babu nama. In akwai zogale ko alayyafo a watsa. Sannan ki daidaita girkinki da lokacin da ɗan aike zai tafi, ki zuba a kula mai riƙe zafi. Taliyar da ta yi awa uku a kwanon samira, ko ke ba za ki yi marmarinta ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi burge ni a rumfar nan. Na tambayi mai abincin inda take samun taliyar Hausa, sai ta ce wata mata ce ke murza mata a cikin gida, matar kulle kamar ku. Tana kwaɓa fulawa, ta murza a ɗan injin hannu, ta shanya a igiya, ta lulluɓe da farin ƙyalle saboda ƙura da ƙuda. Mijinta ke kawowa da safe a kan hanyarsa ta zuwa shago, ranar Juma'a a yi lissafi. Ɗiyarta ba ta ɗaukar faranti tana yawon talla tsakanin maza a kasuwa, tana makaranta. Ku duba wannan da kyau, iyaye mata. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ta san yadda cefane ya koma, kuma ba wanda zai ga laifinki don kin nemi na kanki. Amma ribar da za a samu ta hanyar hana yarinya karatu, a jefa ta inda ba idon uwa, asara ce. Ki nemi mai sari ɗaya ko biyu, ku yi magana da maigida cikin lalama, ki riƙe tsabta da alkawari. Ki kuma riƙa rubuta kuɗin fulawa da na gishiri daban, don kada ki cinye uwa ki ce riba ce.

Sai jan kunne guda. In Allah Ya sa wata rana maigida ya ɗauke ki zuwa gidan abincin Italiya na ainihi, a Abuja ko Legas ko ƙasar waje, to ku tambaya kafin ku ci. Wasu miyoyinsu ana sa naman alade, wasu ana ɗiga giya a cikin girkin. Tambaya ba ƙauyanci ba ce. Ku zaɓi ta tumatir zalla ko ta kifi, ku tabbatar da abin da ke ciki.

Ke kuma mai wasiƙa, kada ki tari maigida da fushi ko gori. Namijin da ke wuni a kasuwa, yunwa ce ke kai shi inda ya ga tururi na tashi. Gobe in Allah Ya kai mu ki gwada yadda na faɗa maki, ki aika masa da zafinta, ki yi shiru da bakinki. Sai ki sake rubuto mani ki gaya mani ko kular ta dawo da saura.

Ku maza da ke saurare ta bayan labule, mun san kuna ji. In kun ci abu mai daɗi a waje, ku sayo kayan haɗin ku kawo gida, ku yaba in an yi maku.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa. Allah Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya sa albarka a cikin abin da muke ci da wanda muke nema. Wassalamu alaikum.