Jiya, Yau da Gobe a Harshen Shinuwa



Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, mutanenmu da dama suna aiki tare da Shinuwa. To, ku saurara da kyau.

Mu Hausawa mukan ce: ya zo, zai zo. A harshensu, "lai" shi ne zo, kuma ba ya sakewa. Kalmar lokaci ita ke nuna ranar.

Zuwo-tiyen: jiya.
Jin-tiyen: yau.
Ming-tiyen: gobe.

Kalmar lokaci takan zo kahin "lai", ba a ƙarshen magana ba. Misali, "ta ming-tiyen lai": shi, gobe, zo. Wato zai zo gobe. In wannan kalma ta kuɓuce maka, ranar alkawali ta ɓace maka.

Ku rubuta su ukun bisa allo, ku maimaita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.