Jawabi a Bikin Yaye Masu Koyar da Ciyar da Yara, Zangon Kumasi

   

Ku da ake yayewa yau, wata da watanni muna nanata muku a ba yaro wake da ƙwai da kifi da gyaɗa, don su ke gina jiki. Maganar tana nan daram. Sai dai akwai yaron da wannan abinci ke zame masa cuta, kuma ba na so ku karɓi takardunku ba ku san shi ba.

Sunan ciwon fenilketonuriya, PKU a taƙaice. Gadonsa ake yi daga uwa da uba kamar sikila, shi ya sa auren zumunci ke ƙara haɗarinsa. Ana haifar jariri lafiya lau, amma hantarsa ba ta iya sarrafa fenilalanin, wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki. Sai ya taru a jini, yana cin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Likita Følling ya gano shi a ƙasar Norway a 1934, kuma a 1953 Horst Bickel da abokan aikinsa suka nuna a Birmingham ta Ingila cewa abinci ne maganinsa.

Ku dubi wurin mai koko da safe. Yaro mai wannan ciwo ya miƙa hannu, maƙwabciya ta gutsura masa ƙosai, don a Zango ɗa na kowa ne. To, wannan alherin ne ke cutar da shi. Nama, wagashi, nonon shanu da wake duk ba nasa ba ne. Rogo da ayaba da ganye da 'ya'yan itace ne abincinsa, shinkafa da masara kuwa sai an auna. Gina jikinsa yana cikin wani gari na musamman da ba shi da fenilalanin, a dama masa sau uku ko huɗu a rana, kullum. Garin yana da ɗaci, yaro zai kau da kai ya yi kuka, uwa ta ji kamar ta haƙura. Ranar ce take bukatarku kusa da ita. Ku faɗa mata kuma ba a yanke nonon uwa, likita ne ke tsara yawansa.

Ciwon ba shi da yawa a cikinmu, alhamdu lillahi. Amma a nan Kumasi, a 1995, Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara ɗiban jini daga diddigen jarirai don gano sikila a asibitin Komfo Anokye. Wannan dabara ta ɗiga jini a kan kati, Robert Guthrie ya fito da ita a Amurka farkon shekarun 1960, saboda PKU ɗin nan. Mai martaba Sarkin Zango, ranka ya daɗe, roƙonmu ka kai kukanmu ga hukuma: ɗigon jinin nan a duba shi har da wannan ciwo, a kuma sauƙaƙa wa iyaye tsadar garin.

'Ya'yana, ku matso ku karɓi takardunku. Allah ya sa albarka.