Lamba Ɗaya, Kwanan Wata Biyu: Lissafin Lokaci a Cikin Manhaja

 

Ku rubuta wannan lambar: 1700000000. Haka kwamfuta take riƙe lokaci. Sakan-sakan take ƙirgawa tun daga ƙarfe goma sha biyun dare na 1 ga Janairu 1970 bisa agogon duniya, wato UTC. Lambar da na ba ku ta yi daidai da ƙarfe 10:13 na daren Talata, 14 ga Nuwamba 2023. Abin da agogo ya nuna a Accra ke nan. A Kano da Damagaram ƙarfe 11:13 ne, Talatar ba ta ƙare ba. A Makka kuwa ƙarfe 1:13 ne, an riga an shiga Laraba 15 ga wata. To idan aka ce ku juya lambar nan ta koma kwanan wata, kafin ku taɓa komai ku tambaya: a ina?

Da yawa daga cikin masu rubuta manhaja a wajenmu ba sa tambaya. Sai mutum ya ƙara 3600 a kan lambar, awa ɗaya ke nan, ya ga aiki ya tafi daidai, domin Najeriya da Nijar ba sa matsa agogo gaba ko baya. Wannan sauƙin ne yake cutar da mu. Ranar da manhajarka ta samu mai amfani da ita a Landan, lissafin ya rushe: da hunturu suna kan UTC, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da awa ɗaya. Sudan ta koma daga tazarar awa uku gaba da UTC zuwa biyu a ranar 1 ga Nuwamba 2017. Samoa ta tsallake 30 ga Disamba 2011 ɗungurungum, aka kwana Alhamis aka tashi Asabar. Wanda kuma ya ɗauka tazara kullum cikakkiyar awa ce, ya duba Nepal, awa biyar da minti 45. Gwamnatoci ne ke yanke wannan hukunci, kuma ba sa shawara da mai rubuta manhaja.

Shi ya sa nake roƙonku ku riƙa ajiye sunan yanki. Akwai rumbun bayanai da Arthur David Olson ya fara tarawa, yanzu yana ƙarƙashin IANA, mai ɗauke da tarihin canjin agogon kowane yanki, da sunaye irin su Africa/Lagos da Africa/Khartoum. A Python, tun daga sigar 3.9, zoneinfo yana karanta shi kai tsaye. Ka ba shi lamba da sunan yanki, shi zai nemo tazarar da ake kai a wannan ranar.

Masu JavaScript ku kula da abu biyu. Ita tana raba sakan gida dubu ne ta ƙirga, don haka in ka miƙa mata lambarmu ba ka ninka ta da 1000 ba, 20 ga Janairu 1970 za ta ba ka. Sannan getTimezoneOffset a Kano -60 yake bayarwa, alhali gaba muke da UTC.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar haihuwa. An haifi yarinya 1 ga Maris, ma'aikaci ya shigar, manhaja ta mayar da shi sha biyun dare agogon Kano, wato sha ɗayan daren ranar da ta gabata a UTC. Sai takarda ta fito da ranar ƙarshe ta Fabrairu. Wannan takardar za ta saɓa da sauran takardunta, a yi ta mayar da ita daga wannan ofis zuwa wancan a kan laifin da ba nata ba. Ranar haihuwa shekara ce da wata da rana, a haka za a ajiye ta, kada a mayar da ita sakan. Kuma kafin ku saki kowace manhaja, ku jarraba ta da lokacin da ya faɗa tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, domin a wannan awar ne kwanan watanmu yake saɓawa da na UTC.