KULOCIN MOTAR ƊAUKAR AMFANIN GONA: ABIN YI IDAN FEDA TA FAƊI

Jawabin malamin gona ga ƙungiyoyin manoma gabanin kaka

 

Yau maganarmu a kan motar da ke kai amfaninmu kasuwa ce. Ƙungiyoyi da dama sun haɗa kuɗi sun sayi a-kori-kura, wasu kuma haya suke yi. To, lokacin kaka shi ne lokacin da mota ta fi shan wahala: lodi mai nauyi, hanya duk yashi da ramuka, rana kuma ta take. A irin wannan lokaci ne direba zai taka kuloci ya ji feda ta tafi ƙasa ta ƙi dawowa, giya ta ƙi shiga. In masara aka ɗauko, da sauƙi. In kuwa tumatir ne ko attarugu, kwana ɗaya a bakin hanya ya isa ya cinye ribar shekara.

Abin da nake so ku riƙe shi ne: sau da yawa wannan ciwo na mai ne ko na roba, abin kuɗi kaɗan. Kada a yi saurin yarda a sauke giya kafin a duba su.

YADDA KULOCIN MAI YAKE AIKI

Motoci irin su Peugeot 504, Toyota Hilux da Mitsubishi Canter, kulocinsu da mai yake aiki. Akwai famfo biyu. Na sama, wanda makanikai ke kira masta, yana manne da feda, da ɗan kofin mai a kansa. Na ƙasa yana jikin giya. Bututu ne ya haɗa su. In an taka feda, famfon sama ya tura mai, mai ya tura famfon ƙasa, shi kuma ya raba faifan kuloci da inji. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake kai ƙarfin ƙafa har can. Iska da tururi kuwa suna matsuwa. Da zarar sun shiga bututun, ƙarfin ƙafarka a kansu yake ƙarewa.

ME YA SA SAI AN SHA AIKI FEDA KE FAƊUWA?

Man da ake zubawa man birki ne, kuma yana shan laima daga iska a hankali. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma digiri 230. Amma in ya tsufa ya sha ruwa, DOT 3 na iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Famfon ƙasa kuwa yana kusa da inji da salansa. In mota ta daɗe tana fama a yashi ko a kan hawa, zafi ya taru, tsohon mai ya tafasa ya zama tururi, sai feda ta faɗi. In an huta mota ta huce, feda ta dawo kamar babu abin da ya faru. Kada wannan ya ruɗe ku. Gobe ma za ta sake, watakila a wurin da ya fi muni.

ALAMU DA ABIN DA SUKE NUFI

1. Feda ta faɗi lokacin zafi, ta dawo bayan an huta: mai ya tsufa. A canja shi duka.

2. Feda ta yi laushi, sai an taka sau uku ko huɗu kafin giya ta shiga: iska ta shiga, ko robar famfo ta fara ci.

3. An taka an riƙe, feda tana nutsewa a hankali, mai kuma bai ragu ba: robar famfon sama ce ta mutu, mai yana zillewa ta ciki.

4. Mai yana raguwa a kofi: yoyo ne. A leƙa bayan feda a cikin mota, a taɓa ko da danshi. A ɗaga robar da ta rufe bakin famfon ƙasa. A bi bututu da ido, musamman guntun tiyo na roba, domin yakan tsage ko ya kumbura.

5. Inji yana ta kuka, mota ba ta ja, ga ƙauri kamar na ƙonannen tsumma: faifai ne ke zamewa. Ko a nan ma, a fara duba wasan feda. Kamata ya yi feda ta yi wasa kamar santimita 1 kafin ta yi tauri. In an ɗaure ta babu wasa, mai ba ya samun hanyar komawa kofi idan ya yi zafi, sai ya riƙa danne kuloci. In wasan daidai yake, to faifan ne ya ci, sai a sauke giya.

Wasu sababbin motoci famfonsu na ƙasa a cikin gidan giya yake. Irin waɗannan, in shi ne ke yoyo, tilas ne a sauke.

IN ABIN YA FARU A HANYA

A kauce gefe, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. A buɗe bonet a bar inji ya huce kamar rabin awa. A share bakin kofi kafin a buɗe don kada ƙasa ta faɗa. In mai ya ragu, a ƙara. A wasu motoci kofin birki da na kuloci ɗaya ne, saboda haka a gwada birki kafin a tashi. Kada a riƙa cusa giya da ƙarfi tana ƙara, domin gyaran giya ya ninka na kuloci nesa ba kusa ba.

FITAR DA ISKA

Aikin mutum biyu ne. Direba ya taka feda sau 3 ko 4 ya riƙe. Yaron mota ya sassauta ɗan nonon da ke jikin famfon ƙasa da sifana, mai da kumfa su fito, ya ɗaure, sa'an nan direba ya saki feda. A yi ta maimaitawa har mai ya fito garau babu kumfa. A lura kada kofi ya bushe ana cikin yi, in ba haka ba sai a koma farko.

KU KIYAYE

Kada a zuba baƙin mai, ko man giya, ko ruwan sabulu a kofin kuloci. Baƙin mai yana kumbura robobi, kwana kaɗan sai a sake famfo biyun duka. A karanta abin da aka rubuta a murfin kofi. Masu tarakta su ƙara lura, domin akwai taraktocin da nasu man daban ne, man birki yana lalata su.

A sayi mai a rufaffen gwangwani. Wanda aka buɗe aka ajiye wata da watanni ya riga ya sha laima. Man birki guba ne, a nisanta shi da yara da dabbobi. Yana kuma cin fentin mota.

A canja man duka kowace shekara 2, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin kaka.

Direba ya daina ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya. A kan hawa a tsaya da birkin hannu, ba da rabin kuloci ba. In mota ta kafe a yashi, a rage kaya, a haƙe, a shimfiɗa rassa, a fita da giya ɗaya.

Mu ma manoma da namu laifin. A-kori-kura an yi ta ne don ɗaukar wajen tan 1, watau buhu 10 na masara mai kilo 100. In muka matsa wa direba ya ɗora 18 don a rage kuɗin mota, kuloci ne zai biya, mu kuma mu kwana a daji da kayanmu. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da makaniki.

Shugabannin ƙungiya, ku sa a ajiye a mota gwangwanin mai sabo ɗaya, da robobin famfo na sama da na ƙasa, da sifana. A kuma rubuta ranar da aka canja mai a littafin ƙungiya. Rigakafi ya fi magani.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Allah ya sa mu girbe lafiya, mu kai kasuwa lafiya.