Ranar da Maraya Zai Fita Gida



Yau ranar murna ce, amma ina roƙonku mu tuna da yaran da aka rena a gidajen marayu, sa'ad da aka ce sun girma, su fita. Jariri maraya kowa yana jin tausayinsa. Saurayi mai shekara 18 fa, wa ke tambayar inda ya kwana? Ɗan da ke da uba, in ciniki ya karye masa, sai ya koma gida ya ci tuwo. Maraya kuwa ina za shi?

Bawan Allah Joj Mula ya buɗe gidan marayu a Biristol ta Ingila cikin 1836. Kafin rasuwarsa a 1898 ya reni yara fiye da 10,000. Ba ya sallamar yaro sai an sama masa wuri. Maza akan ba da su koyon sana'a suna wajen shekara 14, mata sukan zauna har 17. Kowane ya fita da Littafi Mai Tsarki da akwatin tufafi.

Gwamnatin Ingila ma ta bi wannan hanya. Dokar 2000 ta ba kowane mai fita mashawarci. Ta 2014 ta yarda ya zauna wurin masu riƙonsa har shekara 21. Ta 2017 ta kai taimakon mashawarci har 25. Duk da haka, a 2023, cikin masu shekara 19 zuwa 21 da suka fita, wajen 4 cikin 10 ba makaranta, ba aiki, ba koyon sana'a. Doka ta yi nata, amma ba ta zama uwa ba.

To, mu fa? Kakanninmu sun ce ɗa na kowa ne. Mai kafinta, ɗauki yaro ɗaya ka koya masa. Mai gona, yanka masa kunya goma. Iyayenmu mata, ku buɗe ƙofa ga yarinya ran Kirsimati da ran ciwo. Dattawan ekklesiya, ranar neman aurensa ku ne za ku tsaya masa, gama ba shi da wani.

Kada ɗayansu ya fita sai an san gidan da zai koma. Ubangiji ya taimake mu. Amin.