Ƙwarya ba ta gama aiki ba

Jawabin 'yan layin ƙore da kayan ɗaki a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Uwar ƙungiya, Allah ya ƙara girma. Hajiya shugaba da 'yan kwamiti, iyayenmu mata da ke zaune gaba, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, yayyenmu da ƙannenmu na Birnin Kebbi, da waɗanda sunka yo sammako daga Argungu, barkanmu da ganin wagga rana. Waɗanda munka fara adashe tare da su Allah bai nufe su da ganin yau ba, Allah ya jiƙan su, ya kyauta namu zuwan.

An ce mu 'yan layin ƙore da kayan ɗaki mu kawo magana ɗaya da za ta amfani kowa. Ga ta: kayan da ke hannunmu kullum ba su gama aiki ba. Akwai sauran abinci a cikinsu, in munka sake kallon su da kyau.

Ɗiyanmu suna nuna mana abubuwa a waya. Agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya da takun ƙafa. Gidajen kallo a Turai inda ba a ce ma baƙo ya tsaya nesa, sai a ce ya taɓa, ya buga, abin ya amsa masa da haske ko da sauti. In mutum ya gani sai ya ce wanga sai su. To amma a bar maganar waya da lantarki tukuna, a dubi tunanin da ke ƙasa. Wani ne ya ɗauki abin da kowa ya saba da shi, ya tambayi kansa, wane aiki kuma zai iya? Wagga tambaya kuwa Kabawa sun daɗe da yin ta.

Ku dubi duma. Shuka ɗaya ce, tana yaɗo bisa danga ko bisa jinka. Daga cikinta munka sami ƙwarya da ƙoƙo da masaki da ludayi. Daga cikinta almajiri ya sami kurtun tawada, mai goge ya sami jikin gogensa. Masunci ya ɗauki babban gora, ya huda masa baki, ya kwanta bisansa ya bi ruwa, in ya kama kifi ya jefa ciki. Abu ɗaya ya zama jirgi, ya zama ma'aji, ya bar ma mutum hannuwansa biyu su riƙe homa. Shi ne goran da duniya ke gani a Matan Fada. Tun 1934 anka kafa bikin kamun kifi na Argungu, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, anka rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duk hoton da anka ɗauka na bikin nan, duma ne a ciki.

Mu mata fa? Zunguru namu ne. Wata kakarmu ta lura cewa lalle yana son ɗumi da rufi, kuma mace ba ta son ɓata shimfiɗa, sai ta zaɓi doguwar duma ta zura hannu ciki har gwiwa. Abin sawa a jiki ke nan mai yi ma jiki aiki. Shantu namu ne, ana buga shi ga cinya da tafin hannu, zobba da awarwaro suna ƙara masa murya. Kiɗan ƙwarya namu ne: a zuba ruwa a masaki, a kifa ƙaramar ƙwarya bisa ruwan, a sa sanda. In kin ɗan ɗaga bakinta iska ta fita, sautin ya canza. Kuma a kiɗan ƙwarya babu 'yar kallo. Mai amshi na ciki, mai tafi na ciki, mai guɗa na ciki, ko tsohuwa da ke gefe tana kaɗa kai ta shiga. Abin da ake biyan kuɗi a shiga a yi a manyan birane, mu a tsakar gida muke yin shi ranar suna.

To mi ya faru? Roba ta zo. Kuma gaskiya ɗaya ce, roba ba ta ci kasuwa da zalunci ba. Tana da araha, yaro ya yar ba ta fashe ba, gara ba ta cin ta. Mu da kanmu muna sayar da ita, da ribarta munka biya kuɗin makaranta. Sai ƙwarya ta fita daga madafa, ta rage ga masu fura da nono da kayan aure. Gyartai da ke bin gida gida yana ɗinke fasasshiya, yaushe rabon da ku ji kiransa? Matan da sunka iya zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi sun tsufa, ɗiyansu sun ce ba riba. Amma ku lura da wani abu. Dillali na zuwa ya kwashi zanannun ƙore da kuɗin da bai kai wahalar yini ba, ya kai Abuja ko Legas a rataye a bangon otal. Can ba a kiran ta ƙwarya, kayan ado ce, da tsadarta. Wadda ta zana ba a san sunanta ba, ba a san garinta ba. In munka yi shiru, nan da shekaru kaɗan za mu riƙa sayen tunaninmu daga hannun wasu.

Malamarmu ta aji ta karanta mana labarin mutum biyu, mun ga ya kamata kowa ya ji.

Na farko Bahaushe ne ɗan Jigawa, Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Dutse, jikan magina tukwane, Allah ya jiƙansa. Ya ɗauki tukunyar ƙasa babba, ya sa ƙarama a ciki, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashi na tsattsafowa ta jikin tukunya, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin ciki. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka nan. Tumatir da tattasai sunka riƙa yin makonni, yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 an ba da labarin ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar duniya. Abin da ya fi taɓa mu a labarin, tunda kayan miya sun daina lalacewa da wuri, ba dole a tura yarinya talla kowace safiya, wasu yaran sun sami zuwa makaranta. Tukunya ce da yashi fa, jama'a. Dukanmu muna da su a gida.

Na biyu ɗan Gana ne, El Anatsui, wanda ya zo koyarwa Jami'ar Nsukka a 1975. Farkon aikinsa ya yi zane a kan farantan katako irin na matan kasuwa. Daga baya ya koma tara marafan kwalba da anka zubar, ana baje su, a huda, a ɗinke da wayar tagulla, har su zama ƙaton mayafi mai rufe bango. Mutane da yawa ke ɗinkin tare. Kuma ba ya cewa ga yadda za a rataye shi, duk inda anka kai, masu ratayewa su lanƙwasa yadda sunka ga dama. A 2015 an ba shi babbar lambar girma a birnin Benis na Italiya, a 2023 aikinsa ya cika babban zauren gidan kallo na Tate Modern a Landan. Shi ya tsinci nasa a bola, ya sa masa suna da daraja.

Yanzu ga abin da muke kawowa gaban ƙungiya.

Na ɗaya, lalita. Iyayenmu sun ƙulla kuɗi a bakin zane, sun ɗaura lalita a ƙugu. Farkon 2023, da anka canza kuɗi takarda ta ɓace, kowa ya ga yadda ciniki ya koma waya. Yau 'yar kasuwa na jiran alat kamar yadda take jiran canji. Amma ina take aje wayar? Wata ƙarƙashin faifai, wata cikin mudu, wata ta cusa cikin riga zufa na jiƙa ta. Ana sata, tana faɗawa ruwa, caji na ƙarewa ana tsakar ciniki. Teloli namu su ɗinka lalitar zamani: aljihun waya mai shafi na leda daga ciki don zufa, aljihun fawabank da ƙaramar kafa da wayar caji za ta bi, aljihun kuɗi da kati mai zif, maɗauri mai faɗi da ba ya cin ƙugu, kuma ta kwanta lafe ƙarƙashin hijabi. Babu wani kamfani a Sin da ya san yadda mace ke duƙawa ta auna shinkafa da goyo a baya. Mu munka sani. A nan muka fi su, kuma da shi za mu ci kasuwa.

Na biyu, fitilar ƙwarya. Ƙananan fitilun sola sun cika kasuwa. In anka huda zane a jikin busasshiyar ƙwarya, anka kifa ta bisa ƙwan fitila irin wanda ba ya zafi, sai zanen ya bazu a bango da rufin ɗaki. In yaro ya juya ta, zanen ya bi shi yana yawo. Amarya za ta so ta a jere, otal zai so ta, baƙo zai saya ya tafi da ita. Aikin huji da zane na tsofaffinmu ne, haɗa fitila na matasan da sunka koyi gyaran waya. Kun ga kaka da jika sun sami sana'a ɗaya.

Na ukku, buhu. Tun da anka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, ga injin Labana a nan, ga na WACOT da anka buɗe a Argungu a 2017, buhu ya yawaita a ƙasarmu. Wanda ya tsufa ana ƙonawa ko ya toshe magudana. A wanke shi, a yi masa shafi da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, a sa hannu mai ƙarfi, ya zama jakar cefane ko jakar littattafan yara. Duk jaka ɗaya ta rage baƙar leda da akuyoyinmu ke ci.

Na huɗu, rumfa. Duk lokacin da za a yi bikin Argungu, ƙungiya ta nemi wuri tun da sauran lokaci. Gidan tarihi na Kanta, wanda ya kasance fadar sarki har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, yana aje makamai da kayan su da kayan kiɗa don a gani. Aikinsa ke nan, Allah ya saka. Tamu rumfar ta taɓawa ce. Baƙuwa ta zauna ta buga shantu, ta gwada ƙwarya bisa ruwa, ta zura hannu a zunguru, a riƙa mata wuƙa ta yi zane ɗaya da hannunta. Wadda ta taɓa abu da wuya ta tafi ba ta saya ba. Wanga kowace 'yar kasuwa ta sani.

Amma akwai sharuɗɗa, don kada a yi kitso da ƙwarƙwata. Batir ba abin wasa ba ne. Fawabank da ya kumbura ko yake zafi ba a ɗaura shi a jiki, ba a barin shi a rana, ba a kwana da shi ƙarƙashin matashi. Kada kowa ya sa kyandir ko aci-bal-bal cikin ƙwarya, gobara ce. Buhun taki da na maganin feshi ba za su shiga aikinmu ba, na abinci kaɗai. Tukunyar sanyi kuma da rani ta fi aiki, da damina iska na da laima ƙarfinta na raguwa, a faɗa ma mai saye gaskiya. Kaya ɗaya mara kyau ya isa ya ɓata sunan ƙungiya duka.

Sharaɗi mafi girma shi ne rubutu. A nan ajin yamma zai biya mu wahalarmu. Kowane kaya ya fita da alamar ƙungiya, da sunan wadda ta yi, da sunan garinta. A buɗe littafi: nawa anka sayi kayan aiki, awa nawa anka zauna, nawa za a sayar. Mu mata mun saba lissafa kuɗin zare da na ƙyalle, mu manta da kuɗin hannunmu da idonmu. Daga yau a rubuta shi. In dillali ya zo, farashi ɗaya zai ji daga bakin kowa, ba zai bi mu ɗaki ɗaki yana karyarwa ba. Kowane sabon zane a ɗauki hotonsa da waya, a sa kwanan wata. Waɗanda ba su shiga aji ba tukuna, ƙofa a buɗe take, babu tsufa a neman sani.

Abin da muke roƙo a wanga zama kaɗan ne. A ware kwasa ɗaya ta adashe don gwaji. A naɗa mutum biyar: tela biyu, mai zanen ƙwarya ɗaya, matashiya ɗaya da ta san waya da sola, da mai riƙe littafi. A fara da lalita, tunda mu ne masu sayen farko. Mata goma su ɗaura ta wata ɗaya a kasuwa, su dawo su faɗi inda take cizo da inda take daɗi, a gyara. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In ta yi, a wuce ga fitila. In ba ta yi ba, kwasa ɗaya ce, ba ta karya ƙungiya.

Uwar ƙungiya, iyayenmu, wuƙa da nama na hannunku. Iyayenmu da sunka iya zane, don Allah kada ku tafi da shi, ku zaunar da ɗiyanmu ku koya musu. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maimaita mana baɗi da baɗin baɗaɗa. 'Yan Argungu, Allah ya mai da ku gida lafiya.