Mazajen Jiya Cikin Tagulla



Da yake mun taru a nan Kurmin Mashi, dab da tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja wadda aka kafa a 1964, ya kyautu mu taɓa zancen mayaƙan da, da yadda aka adana kamanninsu cikin tagulla.

Mu Hausawa ba mu gāji zuba siffar jarumanmu ba. Abin da Sarauniya Amina ta bar mana ganuwa ce, shi kuwa Kanta na Kabi, kufan Surame. Saboda haka duk ɗan kolin da ya miƙo mana mutum-mutumi ya ce Amina ce tun ta zamaninta, to, mu sani sabon zubi ne aka binne a ƙasa har ya yi kore.

Masu wannan sana'a na ainihi maƙwabtanmu ne. A Bini maƙera kan gina siffar da kakin zuma, su lulluɓe ta da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, sa'an nan su ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun siffar ke fitowa, shi ya sa kowace ba ta da ta biyu. Ta haka muka san sulke da takubban sarakunan yaƙinsu. A ƙasar Nufe ma akwai siffofin Tada da na Jebba, har da wani maharbi mai kwari a baya, waɗanda ake dangantawa da Tsoede, wanda ya kafa daular Nufe.

A 1897 sojan Ingila suka ci Bini, suka kwashe dubban irin waɗannan kaya zuwa Turai. Sai a 2022 Jamus ta fara mayar da nata, bayan shekara 125.

Wancan da bindiga aka ɗauka. Na yanzu kuwa da sa hannu yake fita. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma doka ba ta tsare kanta. Gobe waninmu ne zai zauna a teburin kwastan, a ajiye masa akwati da 'yar ambulan a kai. Wanda bai taɓa leƙa gidan tarihi na Titin Ali Akilu ba, yaya zai gane abin da ke cikin akwatin?

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.